Wasiƙa zuwa ga Edita: Sanyin da direba ke sha a gaba ba ya kai wa kejin kare a baya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikata. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu ɗaukar kare a mota, tunda ga bazara ta kunno kai, kuma abin da na gani shekaranjiya a wajen ajiye motoci ya hana ni sukuni. Mota ce a tsaye tsakiyar rana, an ɗan sauke gilashi kamar faɗin yatsu biyu, a baya ga keji na roba ga kare a ciki harshe a waje yana haki kamar ransa zai fita, mai motar kuwa ya shiga sayayya abinsa. Na tsaya na jira shi, da ya fito na yi masa magana sai ya ce min ai minti goma kawai ya yi kuma ai ya bar taga a buɗe. Ban ɗaga masa murya ba, don ni ma na taɓa zama shi, kai nawa ma ya fi muni, saura ƙiris da na haƙa rami.

Shekara uku ke nan da abin ya faru. Ina da wani kare baƙi wuluk da nake ce wa Duna, kilo talatin da ɗoriya, muka kama hanyar awa uku da shi yana cikin kejinsa a can bayan mota. Esi na aiki, ni har wani ɗan sanyi-sanyi nake ji a gwiwa, ina tuƙi ina jin rediyo hankalina kwance. Kejin na roba ne irin mai ramuka a gefe, sai na yi dabara a tunanina, na jera jakunkuna hagu da dama don kar ya riƙa zamewa, sannan na yafa masa bargo a kai wai don kar ranar da ke shigowa ta gilashin baya ta dame shi. Wato da hannuna na toshe duk wata kafa da iska za ta bi, kuma ina ganin gata na yi masa. Da farko ina jin yana ɗan kuka yana karce ƙofa na ce rigimarsa ce ta kullum, can muka shiga gosulo muka yi kusan minti arba'in ana rarrafe, sai na ji shiru. Na ce alhamdu lillahi ya yi barci. Wallahi wannan shirun har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na tsaya shan mai na zagaya na ɗaga ƙofar baya, wani hucin zafi ne ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Na yaye bargon, ga Duna kwance a gefe guda, harshe ya zazzago ya yi faɗi ya yi jawur, yawu mai kauri kamar danƙo ya jiƙe masa ƙirji, idonsa a buɗe amma kamar ba ni yake kallo ba. Na jawo shi waje ya yi ƙoƙarin tsayawa, ƙafafun baya suka ƙi, ya yi tangaɗi ya zube. Allah ya taimake ni akwai tiyo a wajen, wani bawan Allah ya kunna min famfo muka yi ta kwarara masa ruwa tun daga wuya har ciki da cinyoyi, wani yana yi masa fifita da kwali, mun fi minti goma a haka kafin hakin ya fara sassautawa. Sannan na sa shi a kujerar baya jiƙe sharkaf, na ƙure esi, na nufi wajen likitan dabbobi. Kwana biyu ya yi ana masa ƙarin ruwa ana duba ƙodarsa. Ya tashi dai. Likitan ya ce min da ɗauko shi kawai na yi a yadda na same shi na yi tafiyar rabin awa ba tare da na watsa masa ruwan nan ba, da wata maganar ake yi.

To bayan an sallame mu sai na sayi ɗan ƙaramin ma'aunin zafi guda biyu, na ajiye ɗaya kusa da giyar mota ɗaya kuma cikin kejin, ba kare a ciki, na maimaita lodin ranar har da bargon na yi yawo da rana. Tazarar da na gani tsakanin gaba da baya ta haura digiri goma. Mota ɗaya fa. Wannan shi ne duk abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita, direba da fatar jikinsa yake auna zafin mota, alhali shi yana zaune gaban bututun esi iska na dukan fuskarsa, kare kuwa yana can ƙarshen mota ƙarƙashin gilashi mafi girma, bayan jingina kujeru da ke tare iska, a kan daɓen da sau da yawa salansa ke bi ta ƙarƙashinsa, cikin akwati. Duk wanda bai taɓa sa hannu ya taɓa daɓen but bayan doguwar tafiya ba ya gwada ya ji.

Mutane da yawa ba su san yadda kare ke fitar da zafi daga jikinsa ba, shi ya sa suke kwatanta shi da kansu. Mu in zafi ya yi sai gumi ya karyo ko'ina, iska ta buso ta busar da shi mu ji daɗi. Kare ba shi da wannan, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kuma bai taka kara ya karya ba. Haki shi ne makaminsa, yana jan iska da sauri ta bi kan harshe da cikin hanci da maƙogwaro, danshin wajen ya bi iska ya tafi da zafi. Karen da ke hutawa numfashinsa bai fi sau talatin a minti ba, amma in yana haki yakan kai sau ɗari uku har fiye. Zafin jikinsa a lafiyarsa ƙalau yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan wani abu, ya ma fi namu tun asali, in ya haura 41 an shiga haɗari, daga nan ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da hanji duk suna fara lalacewa, jini ma ya rikice ya kasa daskarewa yadda ya kamata. Ka ga tsakanin lafiya da halaka digiri biyu ne kacal.

Abin da ya fi ba ni tsoro da na fahimce shi shi ne yadda keji rufaffe ke juya hakin nan ya zama banza. Haki na aiki ne in iskar da ake shaƙa ta fi jiki sanyi ko kuma busasshiya ce. To kare a cikin akwatin da iska ba ta ratsawa, shi da kansa murhu ne, jikinsa na ɗumama wajen, numfashinsa na cika wajen da laima, yana ƙara haki laimar na ƙaruwa, laimar na ƙaruwa hakin na daina amfani, shi kuma hakin kansa aiki ne na tsoka da ke ƙara haifar da zafi, ga firgici in ya fara karce ƙofa yana neman fita. Haka abin ke ta zagayawa har ya faɗi. Shi ya sa ranar da ake hadari-hadari gari ya yi ɗumi da laima ta fi ranar busasshen zafi haɗari ko da ma'auni bai nuna wani babban lamba ba.

Maganar an bar taga a buɗe kuwa, an gwada ta an gani. A 2005 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun auna zafin cikin mota a ranaku masu rana, suna duba batun yaran da ake mantawa a mota ne ma. Suka tarar cikin awa guda zafin ciki na ƙaruwa da kusan digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin ɗari na wannan hawan a rabin awar farko yake faruwa, ɗan sauke gilashi kuma bai canza wani abin kirki ba. Har a ranar da waje yake digiri 22 kawai, wato ranar da kowa zai ce gari ya yi daɗi, cikin motar ya haura 40. To ina ga ranar da waje ya kai 38 ko 40? Rana ce ke ratsa gilashi ta gasa dashbod da kujeru, su kuma su riƙa fesar da zafin a ciki ba hanyar fita. Minti goman da mutumina yake faɗa, a cikinsu ne ma zafin ya fi gudu. Kuma gaskiya wa ya taɓa shiga sayayya ya ce minti goma ya fito a minti goma?

Yanzu bari in faɗi yadda nake yi tun daga lokacin, ba don na fi kowa sani ba, wuya ce ta koya min.

Na yar da kejin roba a lokacin zafi, na koma na waya wanda iska ke ratsa shi ta kowane gefe. Na san na roba da na alminiyam masu kauri sun fi ba kare kariya in an yi hatsari, wannan gaskiya ne kuma ban raina ta ba, wanda ya zaɓi irinsu sai ya tabbatar ramukan iskar suna da yawa har ƙasa-ƙasa daidai inda hancin karen yake in ya kwanta, kuma ya guji baƙi. Kejin ya zama kare zai iya miƙewa tsaye ya juya ya kwanta ya baje, don in zafi ya dame shi bajewa yake yi ya manna cikinsa a ƙasa inda gashi bai da yawa. Katifa mai laushi da bargo duk na kwashe, a bazara ba su da wani amfani sai riƙe zafi. Kare biyu a keji ɗaya kuwa murhu biyu ke nan a ɗaki ɗaya. Kaya kuma ba na jingina su da kejin ko kaɗan, ina barin aƙalla tafin hannu ta kowane gefe, in ɗaure kejin da igiya mai ƙarfi maimakon in tokare shi da jaka. Na kuma ɗora shi a kan 'yan katakai don ya rabu da daɓen.

Sai batun kai masa sanyin. In motarka ba ta da bututun esi a baya, kwantar da kujera ɗaya don iska ta samu hanya, ka juya bututun tsakiya su kalli sama da baya. Ni har wata 'yar fanka na ɗaure tsakanin kujerun gaba tana tura sanyin baya, wasu kuma na ga suna jona tiyo mai faɗi daga bakin esi har ƙofar keji, abin ba kyan gani amma yana aiki. Kuma kafin in sa kare sai na tada mota na buɗe ƙofofi zafin da ya taru ya fita, esi ya yi minti biyar zuwa goma, in sa hannu cikin kejin in ji da kaina.

Fanka, a nan ne mutane ke ruɗin kansu sosai. Za ka ga an rataya 'yar fanka mai batir a ƙofar keji shi ke nan hankali ya kwanta. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta samu ita take turawa. Mu tana mana daɗi ne saboda gumi, kare kuwa busasshen gashi ne a jikinsa, in iskar motar ta kai zafin jikinsa to zafi kawai kake hura masa. Amfaninta biyu ne, ta kori iskar da ta cika da laima daga cikin kejin ta kawo sabuwa, sannan in ka jiƙa karen ta busar da ruwan ta tafi da zafi. Wato fanka da ruwa tare suke tafiya. Haka kuma ruwa ba iska shi ma matsala ne, ka jiƙa kare ka tura shi cikin rufaffen akwati ka kulle, ai turara shi kake yi kamar dambu... kai, bar misalin, ka dai gane. In za ka jiƙa, jiƙa ciki da hammata da cinyoyi da ƙafafu har ruwan ya taɓa fata, sannan iska ta riƙa bi.

Ruwan sha kuma kada ya yanke. Akwai kwanon da ake maƙalawa a jikin keji mai baki a lanƙwashe wanda ba ya zuba in mota na tafiya. Kare kan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato irin Duna kusan lita biyu, a zafi kuma ya wuce haka nesa. Ni jarka guda nake ɗauka ta sha, wata jarkar daban ta watsawa, wannan ta biyun ba a taɓa ta sai in ta ɓaci. Ina kuma daskarar da robobin ruwa in naɗe su a tsohuwar riga in ajiye a kusurwar keji, in ya so ya jingina in bai so ba ya matsa, in sun narke kuma ga ruwan sanyi. Tabarmar nan mai sanyi da ake sayarwa mai wani abu kamar kitse a ciki, ba laifi, amma bayan ɗan lokaci tana ɗaukar zafin jikinsa ta zama kamar kowace tabarma, kuma karen da ke tauna kaya kar a ba shi.

Inda na fi ganin ganganci shi ne wajen tsayawa. Inuwa tafiya take yi. Rana na matsawa kusan digiri 15 a sama duk awa guda, bishiyar da ka faka a ƙarƙashinta da ƙarfe goma sha ɗaya, kafin sha biyu da rabi inuwarta ta koma gefe ta bar maka bayan mota a fili. Masu zuwa gasar karnuka da masu aikin farauta ko tsaro waɗanda dole karensu ya jira a mota, za ka ga suna buɗe ƙofar baya gaba ɗaya da tagogi duka, su lulluɓe motar da wani yadi mai ƙyalli kamar raga wanda ke mayar da hasken rana amma iska na wucewa, fanka na aiki, kuma mutum na zaune a wajen. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin, mutum na wajen. Tampol ko bargo kuwa inuwa suke bayarwa su hana iska, irin kuskurena ke nan.

Wasu za su ce ai sai in bar mota a kunne da esi in kulle. Na yi wannan a da, yanzu ba na yi sai in ina hango motar. Injin na iya mutuwa, esi na iya daina sanyi in mota ta daɗe a tsaye ya koma hura zafi, wasu sababbin motocin ma da kansu suke kashe kansu in sun ɗan jima ba a motsa ba, kuma da gilashi a rufe ruf minti kaɗan ya isa. Ko karnukan 'yan sanda da ake kashe wa kuɗi an sha rasa su ta wannan hanyar a ƙasashe daban-daban. Kamfanin Tesla ya fito da wani tsari a 2019 da ke barin esi na aiki yana rubuta zafin cikin motar a allo don masu wucewa su gani, akwai kuma 'yan na'urori da ake sa wa a keji su turo maka saƙo a waya in zafi ya hau. Duk suna da kyau, ni ma ina da irin na biyun, amma abu ne mai batir da ke jiran netwok, ranar da za ka fi buƙatarsa ranar zai yi maka shiru. Ka ɗauke shi mataimaki kawai, ƙafarka ita ce za ta je ta duba.

Masu a-kori-kura ku ma ban manta da ku ba. Ana ganin tunda baya a buɗe yake ai iska ta wadata, eh, muddin ana gudu. Da an shiga gosulo ko an tsaya, ƙarfen daɓen nan sai ya ƙona tafin ƙafa, ga rana a ka ga hucin kwalta daga ƙasa. A ɗaga kejin a kan katako, a yi masa rumfa da tazara tsakaninta da saman kejin, gefuna a buɗe.

Wani abin kuma da ban sani ba sai daga baya, lokacin da ya fi haɗari a sa kare a keji shi ne daidai ya gama gudu. Masu bincike na kwalejin likitan dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan tare da jami'ar Nottingham Trent sun duba bayanan karnuka sama da dubu 900 a Birtaniya, suka fitar da sakamako a 2020. Sun ga kusan kashi 74 cikin ɗari na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne sanadi, na cikin mota kusan kashi 5 ne, kuma cikin waɗanda abin ya kama kusan ɗaya cikin bakwai bai tashi ba. Kar wani ya ce to ashe mota ba matsala ba ce. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne in ka haɗa biyun, kare ya yi gudu jikinsa ya ɗau wuta sannan ka cusa shi cikin keji a mota mai zafi ka rufe, ka haɗa masa gobara biyu. Zafin jikinsa ma kan ci gaba da hawa na ɗan lokaci bayan ya tsaya. Ka zaga da shi a hankali a inuwa, ya sha ruwa, a jiƙa shi, harshe ya koma daidai, sannan a yi maganar keji.

Binciken nan ya kuma nuna karnuka ba ɗaya suke ba. Masu gajeren hanci irin bulldog da pug, hanyar numfashinsu a matse take tun haihuwa, bulldog ya ninka Labrador haɗari kusan sau 14. Sai masu ƙiba, da manya da suka kai kilo 50, da tsofaffi, da masu gashi cunkus irin chow chow. Mai irin waɗannan gaskiya in ba dole ba ya bar tafiyar rana kawai, a fita da asuba ko bayan rana ta faɗi. Kuma farkon zafi ya fi tsakiyarsa kayar da kare don jiki bai saba ba tukuna, sabon yakan ɗauki makonni.

Abu biyu da nake roƙo a daina. Takunkumin yadi da ke ɗaure baki ruf, kare da wannan a cikin keji da zafi kamar ka toshe masa hanci ne, in dole sai an sa to a sa mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki ya yi haki. Sai maganin barci da wasu ke ba kare don ya yi shiru a hanya ba tare da likita ya ce ba, yana rage wa jiki iya daidaita zafi, kuma yana kashe maka ƙararrawa ɗaya tilo da kake da ita, wato kukansa.

In kuma abin ya riga ya faru, ka buɗe ka ga haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi tsawo ya yi faɗi, dasashi ya yi jawur ko ya fara komawa fari ko shuɗi-shuɗi, yawu na dalala, amai ko zawo wani lokacin da jini, tangaɗi, ko jijjiga, to kar ka tsaya kiran waya tukuna. Fito da shi, kai shi inuwa, ruwa. Da can ana cewa wai kar a sa ruwan sanyi sai mai ɗumi-ɗumi a hankali, yanzu likitocin kwalejin nan ta Landan shawararsu ita ce a fara sanyaya kare nan take sannan a ɗauke shi zuwa asibiti, matashin kare mai lafiya har tsoma shi ake yi cikin ruwan sanyi kai a waje, tsoho ko mara lafiya ko wanda ya suma kuma a riƙa kwarara masa ana fifita. Duk ruwan da ka samu muddin ya fi jikinsa sanyi, yi amfani da shi. Kar a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bar shi a kai, tawul ɗin na ɗumama ya koma bargo. Kar a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, zai shige huhu. Kar a ba shi farasitamol ko ibuprofen, wannan ba zazzaɓi ba ne, ba abin da za su sauke, ibuprofen ma ƙodar da ke neman agaji zai ƙarasa. In akwai ma'auni, da ya sauko wajen 39 da rabi sai a dakata kar kuma ya zarce ƙasa. Sannan ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya a kai shi wajen likita a ranar, don ɓarnar ciki takan ɓoye sai bayan kwana ɗaya ko biyu ta fito, na Duna ma sai washegari gwajin ƙodar ya nuna.

Na san wasiƙar ta yi tsawo, Malam Edita, ka yi haƙuri, in za ka datse don Allah ka bar min wajen ma'aunin nan guda biyu. Shi mutumin shekaranjiya kafin mu rabu na roƙe shi ya zura hannu cikin kejin ya taɓa daɓen, ya zura, ya yi sauri ya janye yana kallona bai ce komai ba, sai ya buɗe ya fito da karen, na ɗauko jarkata ta biyu muka tsuguna a gefen motar muna zuba masa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu kuma mai kiwon karnuka